Tafintan Alhaji Dairu da Dokar Takardar Shanu

Samarin da ke zama a bakin shagon Ɗanjuma tela, nan kan titin da ya gangara kasuwar Briketeri, unguwarmu ta Hausawa a babban birnin ƙasa, sun mai da ni abin tsokana. Da sun hango ni da sandata sai ɗaya ya zaro waya, ya faɗa mata magana da Faransanci, ita kuma ta amayo masa wata Hausa wadda ko a Kano ko a Garwa ba a taɓa jin irinta ba. Sai su bushe da dariya su ce, "Baba Tanko, an kashe maka kasuwa!" Ni ma dariyar nake yi, don ba na faɗa da jikoki. Amma yau tunda kun nace cewa aikin tafinta shi ne ka kwasa nan ka zubar can, ku matsa min benci in zauna.

Aikin farko da na tsaya a kai, a zauren mai unguwa ne, ina bayan maigidana Malam Garba Ɗan Tibati. Shi ya koya min sana'ar, kuma na daɗe a hannunsa ban buɗe baki ba, kallo kawai da ɗaukar masa buta. Wata 'yar ƙabilar Bamilike mai sayar da garin rogo ce ta kawo ƙarar Sale mahauci, akuyarsa ta tsinke ta afka mata cikin buhu. Matar ta zo a fusace, ta zazzage masa zagi da Faransanci da Turancin kasuwa, har kakansa ba ta bari ba. Mai unguwa ya juyo ya ce, "Me ta ce?" Malam Garba ya gyara tsayuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ta ce akuyar Sale ta cinye mata abin da za ta ciyar da 'ya'yanta, kuma ranta ya ɓaci ƙwarai." Da muka fito na ce, "Malam, ai ka bar rabin maganar a ƙasa." Ya harare ni ya ce, "Zagin na bari, garin rogon na kai shi duka. In ka kai zagi, dambe za a yi. In ka rage garin, ka zalunci matar. Ka zauna ka koyi raba su." Na yi shekaru ina koyon wannan rabon.

Kayan aikinmu ba su cika aljihu ba. Goro ɗaya, don maƙogwaro kan bushe tun kafin masu magana su gaji. Guntun fensir da 'yar takarda na sunaye da lambobi, saboda mutanenmu na nan ko da Hausa suke zuba, in an zo ƙidaya sai su zame su koma Faransanci, kai kuma ka juyo wa baƙon Najeriya da bai san komai a ciki ba. Takalmi marar ƙara. Sai sanin wurin tsayuwa: bayan kafaɗar maigida ta hagu, kusa yadda zai ji raɗarka, nesa yadda ba za ka shiga hoto ba. Ba a cin albasa ranar aiki, ba a cin suya mai tafarnuwa. Ku da kuke karya kumallo da suyar unguwar nan, da kun raɗa wa babban mutum kalma ɗaya a kunne zai sallame ku.

Na yi tafinta a asibiti, inda tsohuwa za ta ce jikinta duka ke ciwo, likita kuma yana so a nuna masa wuri ɗaya. Na yi a komisariya wajen 'yan sanda, na yi a kwastan, na yi a neman auren wani ɗanmu da 'yar ƙabilar Ewondo, inda iyayen yarinya suka yi jawabin da ya kai mu har azahar. Duk waɗannan wasa ne a kan aikin da na yi wa Alhaji Dairu.

Alhaji Dairu babban falken shanu ne daga yankin Arewa Mai Nisa. Dogo ne, siriri, ba ya ɗaga murya, kuma a kasuwar shanu an san in ya ce ya saya to ya saya, ko da saniyar ta faɗi matacciya a gabansa. Da aka kafa majalisar dattawa, kansilolin yankinsu suka zaɓe shi. Yana jin Fulatanci da Hausa da Larabcin allo, Faransancinsa kuwa na gaisuwa da ciniki ne. In lokacin zaman majalisa ya yi, ba ya sauka a otal irin na sauran. Nan yake sauka gidan tsohon mai masaukinsa Alhaji Maikano, a lungun bayan masallaci, inda ya saba sauka tun yana raka shanu da ƙafa. Maikano ne ya haɗa mu.

Mu da muka girma da majalisa ɗaya, sai da muka sake karatu. A da, in 'yan majalisar wakilai, waɗanda muke kira depite, suka ɗaga hannu a kan tudun Ngoa-Ekelle, saura sa hannun shugaban ƙasa, magana ta ƙare. Yanzu ga ta biyu a kan tudun Tsinga, wanda kuke hange daga nan. Ta farko jama'a ke zaɓa da hannunsu, inda mutane suka fi yawa kujeru su fi yawa. Ta biyu kowane yanki kujerunsa daidai da na ɗan'uwansa, ko cike yake da mutane ko daji ne. Kansiloli ke zaɓen mafi yawansu, shugaban ƙasa ya naɗa sauran, kuma ba a shiga sai an manyanta. Doka kan fara daga wajen wakilai. In sun amince sai a hauro da ita Tsinga, a ba dattawa 'yan kwanaki su duba: ko su amince yadda ta zo, ko su ƙi, ko su gyara. In kuwa suka gyara ko da layi ɗaya ne, sai ta koma inda ta fito, wakilai su ce sun karɓi gyaran ko ba su karɓa ba. Na yi wa Alhaji wannan bayani tun makon farko. Ya ce, "To, to, madalla," yana jan carbi. Tun da muka fara kuma duk dokar da ta hauro a gabanmu yadda ta zo take wucewa, don haka bai taɓa ganin ta koma ba.

Jawabinsa na farko a kwamiti ni na rubuta. A zauren majalisa ba a Hausa, ba a Fulatanci, sai Faransanci ko Turanci, kuma ba a barin tafinta ya yi magana a madadin mai kujera. Sai muka samo dabara. Ya faɗa min abin da yake nufi, in mai da shi Faransanci, sannan in rubuta masa Faransancin da baƙaƙen ajami, da wasali ɓaro-ɓaro. Ya zauna a tabarma bayan asuba yana maimaitawa kamar mai tilawa. Ranar farko wani sanata daga gabar teku ya leƙo takardar, ya ga rubutu na tafiya daga dama zuwa hagu, ya ɗauka addu'a Alhaji zai karanta musu, har ya cire tabarau ya sunkuyar da kai.

Sai shekarar wahala ta zo, lokacin da rikicin bakin iyaka ya yi tsanani. Aka rufe kasuwannin shanu a can, ƙauyuka suka watse. Briketeri ta cika da baƙi, kowane zaure da masu kwana a ciki, wasu ko takalmi ba su fito da shi ba. Teloli suka zauna suna kallon keke, mahauta na yanka ɗaya inda da suke yanka da yawa. Ni kuwa ban taɓa yin aiki kamar na shekarar ba, ina raka mutanen da takardunsu suka ƙone daga wannan ofis zuwa wancan, kuma yawanci da "Allah ya saka" nake komawa gida.

A cikin haka gwamnati ta kawo doka a kan shanu. 'Yan bindiga na sace garke su sayar su sayi makamai, don haka aka ce duk shanun da za a kora kudu sai da takardar shaida daga ofishin garin da suka fito. Magana ce mai kyau, ba wanda zai ƙi ta. Wakilai suka amince, ta hauro Tsinga. Amma kafin ta iso, wani Arɗo Jibbo ya riga ta isowa, shi da dattawan rugarsa, suka sauka a zauren Maikano. Sun gudo da abin da ya rage musu na shanu, sun yada zango kusa da Garwa a ƙasar da ba tasu ba, ciyawa ta ƙare, shanu na ramewa. Garin da doka ta ce su karɓo takarda babu kowa a cikinsa, ofishin ma a rufe yake. In suka zauna shanu su mutu, in suka kora ba takarda a ƙwace a hanya.

Alhaji ya saurare su har suka gama, ya ce, "Na ji. Wannan a wuyana yake."

Gyaran da ya nema layi ɗaya ne: wanda rikici ya kora daga garinsu a ba shi takarda a inda ya samu mafaka, in arɗonsa ya shaide shi. Ya karanta shi a kwamiti da ajaminsa, ni ina bayan kafaɗarsa ina raɗa masa tambayoyin da ake jefowa. Sanatocin kudu da nama ya yi tsada a garuruwansu suka mara masa baya. Da aka kai babban zaure, dattawa suka amince da gyaran.

Mun dawo unguwa bayan la'asar. Zauren Maikano cike, har da mahauta da dillalai da suka ji labari. Alhaji ya zauna, ya sha ruwa, ya ce, "Arɗo, dattawa sun yi magana. Ka aika gida a kora shanu." Wuri ya kaure da kabbara. Arɗo Jibbo ya zaro waya daga aljihun 'yar shara, yana neman lambar ɗansa.

Nan take na hango haɗarin. In shanun nan suka kama hanya, wakilai kuma suka ƙi gyaran, a shingen farko za a tare su, mutanen nan su rasa na ƙarshen abin da suka mallaka. Amma a sana'armu ba a gyara wa maigida magana a gaban baƙi, balle a ce masa na ƙasa da shi na iya warware abin da ya ƙulla. Na sunkuya zan yi raɗa, ya ɗaga min hannu alamar in dakata. Sai na yi abin da Malam Garba kan yi in yana son keɓewa da mai unguwa. Na ɗauko buta na dire a gabansa, alhali kowa ya san an yi la'asar, magariba kuma da saura. Ya dubi butar, ya dube ni, ya tashi ya biyo ni tsakar gida.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kada a kora shanun nan. Dokar ba ta gama tafiya ba, komawa za ta yi wajen wakilai."

Ya ce, "Ta koma ta yi me?"

"Su duba gyaranku. In sun ga dama su karɓa, in sun ga dama su cire shi, ta wuce yadda suka rubuta da farko."

"Yaran?"

"Su fa, ranka ya daɗe."

Ya juya ya dubi randar ruwa. Can ya ce, "Tanko, a garinmu in ana shawara, samari ke fara magana, magidanta su biyo, tsoho ya rufe. In tsoho ya rufe, fatiha ake shafawa a tashi. To don me aka kira mu dattawa, aka sa mu a ƙarshe?"

Na ce, "An sa ku ne ku sake dubawa, ku nuna inda aka yi tuntuɓe. Amma su jama'a ce ta ɗora su da hannunta, shi ya sa ake mayar musu. Nan ba a shafa fatiha ba tukuna."

Na tausaya masa ƙwarai, don na san abin da ke jiransa a zaure. Mutumin da bai taɓa janye magana a kasuwa ba ya koma ya tsaya a gaban mahauta da dillalai ya ce, "Arɗo, ajiye wayar. Na yi gaggawa. Maganar ba ta ƙare ba." Wani dillali daga baya ya ce ƙasa-ƙasa, yadda kowa zai ji, "Ashe kujerar ta ado ce." Alhaji bai waiwaya ba.

Depiten yankinsu mace ce, Hajiya Asta, 'yar Buba wanda ya yi wa Alhaji kiwo da rakiyar shanu har ya tsufa. Ta yi boko, ta yi aikin jinya, ta tsaya zaɓe. A lokacin Alhaji bai goyi bayanta ba, har ya ce a bainar jama'a shi ba zai kai kukansa wajen yarinyar da aka raɗa wa suna a gabansa ba. Maikano ya ce, "A aika a kira ta mana, ai 'yarka ce, da gudu za ta zo." Alhaji ya ce, "Ni nake da buƙata. Ni zan je."

Da hantsi muka tafi unguwarta, Cité Verte. Tana zaune a bene, ga Alhaji da ciwon gwiwa. Ya hau yana dafa bango, yana hutawa a kowane kwana, ya hana ni riƙe shi. Da ta buɗe ƙofa ta gan shi sai ta durƙusa a wurin, ta ce, "Bappa! Da ka aiko ai da na zo." Ya ce, "Na sani, 'yata. Tashi." Da Fulatanci suka yi magana, ni na samu kujera a gefe na ci gorona.

Ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce, "Bappa, ni hannu ɗaya ce a cikin zauren nan. Akwai waɗanda ba sa son a dawo musu da aikin da suka gama, sai su ga kamar an ce ba su iya ba. Akwai kuma masu tsoron ɓarayi su shige ta ƙofar da ka buɗe, kuma tsoronsu ba na banza ba ne. Ni zan yi magana a kwamitinmu. Amma in suka ji daga bakinka zai fi." Sai ta ƙara da cewa, "Ko da yake ka ce ba za ka kawo kukanka wajena ba." Ya ce, "Na faɗa. Ga shi na kawo." Ta kawar da kai, ta shiga lissafo mana waɗanda ya kamata mu gani.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi wuya a duk aikina. Muka bi depite-depite ƙofa-ƙofa, a otal, a ofis, a gidajen 'yan'uwansu a unguwannin Madagaskar da Tsinga. Wani Faransanci, wani Turancin kasuwa, wani ya bar mu a tsaye a baranda. Wanda ba na mantawa da shi wani ne daga dajin kudu, gajere mai furfura. Ya saurare mu, sannan ya ce, "Ɗan ƙanwata soja ne, a can arewa aka kashe shi. Harsashin da ya same shi da kuɗin saniyar sata aka saye shi. Yaya zan san shanun mutanenka ba irinsu ba ne?" Maganar tana da ƙaya, amma ba zagi ba ce. Na kai ta duka, ban rage ko harafi ba.

Alhaji ya fara da yi masa ta'aziyya, yadda ake yi a gida, a tsanake. Sannan ya ce, "Gaya masa arɗo ya san kowace saniya ta rugarsa da tsagar kunnenta, ya san uwarta, ya san kakarta. Ba zai shaidi baƙuwa ba, don gobe shi za a tambaya. In kuwa saniyar sata ta wuce da shaidar arɗon da na kawo, kada a nemi kowa, a zo Briketeri gidan Maikano, ina nan." Mutumin bai yi mana alkawari ba, amma ya raka mu har bakin mota.

Ranar da za a kaɗa ƙuri'a muka tafi Ngoa-Ekelle. A can Alhaji baƙo ne, ba shi da kujera, ba shi da bakin magana. Aka hau da mu benen 'yan kallo, muka zauna a tsakiyar ɗaliban jami'a da 'yan jarida. Aka yi ta muhawara, ina raɗa masa. Wani ya ce gyaran rami ne, wani ya ce adalci ne. Hajiya Asta ta tashi ta yi magana a taƙaice, ba ta duba takarda ba, ta ce ita 'yar mai kiwo ce, ta san yadda saniya ke kwanciya in ba za ta sake tashi ba. Sannan shugaban zama ya ce masu karɓar gyaran dattawa su ɗaga hannu.

Na sunkuya zan fassara, sai ya dafa gwiwata ya ce, "Bari, Tanko. Wannan ina gani da idona." Ya bi zauren da kallo daga wannan bango zuwa wancan, yadda yake yi wa garke a bakin kasuwa, leɓɓansa na motsi. Hannun gajeren nan mai furfura na cikin na ƙarshe da suka tashi. Tun kafin akawuna su gama ƙidaya Alhaji ya ce, "Sun isa." Da aka sanar, haka ɗin ne.

Ya ce, "Kira Arɗo." Na ce, "In ce a kora?" Ya riƙe min hannun riga ya ce, "Tsaya tukuna. Akwai sauran wani ɗaki da ban sani ba?" Na ce, "Saura sa hannun shugaban ƙasa, ranka ya daɗe." Ya ce, "To ka ce su shayar da shanu, su ɗaure kaya, su jira."

Ɗalibai suka watse, 'yan jarida suka ruga ƙasa. Alhaji bai motsa ba. Can ƙasa Hajiya Asta na tattara takardunta, sai ta ɗaga kai tana neman mu a bene. Duk zamana da shi ban taɓa ganin ya miƙe wa wanda bai kai shi shekaru ba sai liman. Ya dafa kafaɗata, ya miƙe da gwiwar nan tasa, ya dunƙule hannun dama ya ɗaga mata jinjina, irin wadda ake yi wa manya, ya riƙe ta a sama bai sauke ba. Ta tsaya da takardu a ƙirji tana kallonsa, sannan ta ja mayafi ta rufe fuskarta.